Laftof ɗin Tallafi Ta Ƙi Tashi

Ranar Talatar da ta wuce, tun bayan karin kumallo nake zaune a tsakar gida ina kallon wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna zagaye a fuskar laftof. Su zagaya, su zagaya, fanka ta yi ta kuka, can sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. In sake dannawa, a sake komawa farko. Duk wanda ya taɓa bin layin mai ya san irin wannan tafiyar, ana ta motsi amma ba a zuwa ko'ina.

Laftof ɗin ta 'yata ce, Surayya. Ranar Asabar take da jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu da kwamfuta ake yi. Bara ta faɗi, kuma ba don ba ta san amsa ba. Rabin lokacinta ya tafi wajen neman inda ake dannawa a wuce tambaya ta gaba, domin a makarantarsu da alli malam ya zana musu kwamfuta a allo, ya ce su kwafa. Da ta dawo daga jarrabawar, a ɗaki ta yini. Ni kuwa na yi wa kaina alkawarin bana sai hannunta ya saba kafin ta shiga.

To, sai Allah ya kawo mana babban ɗan siyasarmu, Mai Girma Rumfar Marasa Rumfa, Uban Rabo, Mai Kyauta Gaban Kyamara. Ya zo unguwarmu nan Tudun Wada ya raba wa ɗalibai laftof arba'in. An kafa rumfuna, an yi jawabi na awa uku, motocin da suka rako shi kuma na ƙirga da idona, sun fi laftof ɗin yawa. Ba ƙorafi nake yi ba, ni wane ne? Cewa kawai nake yi mutumin yana da jama'a.

Babu dabarar da ban gwada ba a wannan Talatar. Na cire batir na mayar. Na danne maɓallin kunnawa na ƙirga talatin, kamar yadda wani maƙwabcina ya ce ya ji a rediyo. Na jira masu wuta suka yi mana alfarmar minti arba'in, na jona caja. Har lallaɓa ta na yi da baki. Duk a banza.

Da azahar na nufi wajen Malam Nagoda, wanda shi ya rubuta sunayen yaran unguwa a rabon.

"Malam Nagoda, abar nan fa ta ƙi tashi."

"Haba Malam Kailani! Ba a gabanka aka ƙaddamar da ita ba?"

"An ƙaddamar. Tashi ne ba ta yi ba."

"To ka yi haƙuri mana. Kayan manya ba a yi musu gaggawa." Sai ya rage murya. "Kuma ka ji da kyau. Ranar Juma'a za mu zagayo da mai hoto. Duk wanda ya ɓare hoton Mai Girma daga jikinta, karɓewa za mu yi, a soke sunan yaro."

Gaskiya ne akwai hoto. Sitika ce mai kauri, ɗaya a murfi, ɗaya a ƙasa, yadda ko kife ta ka yi Mai Girma na nan yana yi maka murmushi.

Washegari ni da Surayya muka hau keke zuwa unguwar Kongo, shagon Theophilus mai gyaran kwamfuta, haifaffen Zariya wanda Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya kunna, ya saurari kukan fankar, ya sa tafin hannu a ƙarƙashi, ya janye da sauri.

"Malam, ƙwai kake soyawa a kanta?"

Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa fuskar Mai Girma da farce. Ya ce a ƙarƙashin hoton nan akwai 'yan ramuka da na'urar ke shan iska ta cikinsu, kuma an liƙe su ruf. Tana fara tashi sai zafi ya taru, ita kuma sai ta kashe kanta don kada ta ƙone.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Numfashi kawai take nema. A ɓare wannan, shi ke nan."

Ya kai hannu, na riƙe masa wuyan hannu. Ni ɗin nan da nake cika muku shafin jarida da surutu kowane mako, wallahi tsoro ne ya kama ni, kuma na ji kunyar kaina a gaban 'yata. Theophilus ya yi dariya ya ce ni ne na goma sha ɗaya. Duk wanda ya kawo irinta, da ya ji maganin sai ya naɗe abarsa a zane ya koma gida, ya ɗora a kan kabad kusa da kwanonin ado.

Muna cikin wannan Surayya ta jawo laftof ɗin, tana bin hoton da yatsa tana lalubo ramukan.

"Baba, duk a ƙarƙashin haƙoransa suke."

Na duba, haka ne. Allah ya yi wa Mai Girma faɗin murmushi, daga wannan kunne zuwa wancan, kuma daidai nan ramukan suka kwanta. Ta ɗago ta ce wa Theophilus ya ara mata reza. Kafin in gama cewa a tsaya a yi shawara, ta yanke murmushin tsaf, ta bar hula da idanu da hanci da dukkan laƙabobin a inda suke. Theophilus ya hure ƙurar ciki, ya danna. 'Yan ɗigon suka zagaya sau uku, fuska ta buɗe tar. Yarinyar nan ta yi wata dariya da na yi shekara ban ji ba.

Kwana biyu tana kai, tana amsa tambayoyin gwaji, har ta fara yi mini gori wai ban iya riƙe linzamin kwamfuta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Malam Nagoda da mai hoto. Sun zagaya gida talatin da tara suna ɗaukar yara rungume da laftof a rufe. Da suka ga tamu a kunne, mai hoto har da kabbara. Malam Nagoda ya gyara hula.

"Alhamdu lillahi! Wannan ai dole Mai Girma ya gani da idonsa. Za mu tafi da ita yau, gobe akwai baƙi daga nesa. Litinin ko Talata a dawo muku da ita."

Gabana ya faɗi. Na san Litinin ɗin manya, ba ta cikin kalanda. Ga yarinya da sauran darasi biyu ba ta gama ba, ga jarrabawa washegari da safe.

Surayya ta rufe laftof ɗin a hankali, ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi, amma a kife.

Malam Nagoda ya dubi hoton ubangidansa, an yanke masa baki. Ya dubi mai hoto. Ya dube ni. Na ga yana auna wanda za a fara tambaya idan wannan fuskar ta shiga falon Mai Girma a hannunsa, gaban baƙi.

"A'a, 'yata, riƙe abarki," in ji shi, yana ja da baya. "Karatu ai ya fi komai. Ni ban ga komai ba, kai ma mai hoto ba ka ɗauka ba, ko?"

Ranar Asabar Surayya ta fito daga ɗakin jarrabawa da sauran minti goma sha biyu a agogo, ta amsa kowace tambaya. Sakamako na wurin Allah, amma wannan karon abin da ta sani shi aka gwada.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma, Allah ya ƙara arziki. Shawara ɗaya ce tawa, ta ƙaramin mutum. Na ji ana cewa baɗi injin ban-ruwa za a raba wa manoma. Don Allah ranar ɗaukar hoto a roƙe shi ya ɗan tsuke baki.