Akwatin da Na Sayo wa Mai Jita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi daga cikin dattawa a Zurmi don in gyara abin da ba wanda ya ce in gyara. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina zaune, sai in miƙe in zagaya gida sau biyu, iyali su ɗauka ƙafa ce ke damuna.

Sai kun san ko ni wane ne kafin ku gane girman faɗuwar. Ni ne mai kula da lasifikar masallacin unguwarmu a Kaura Namoda, shekara ashirin da wani abu. Ni ke kunnawa, ni ke kashewa, ni ke hura makirfo in ce "gwaji, gwaji" kafin ladan ya karɓa. Na yi boko har aji huɗu (da ba a cire ni don noma ba, da yanzu wata maganar ake yi), don haka duk abin da ke da waya a unguwar ni ake kawo wa. Wasu na gyara, wasu na ƙarasa su.

Ina da ɗa, ɗan fari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san al'ada. Mutanen gari na ce masa Mai Jita, ni kuma ina cewa "wancan". Shekararsa talatin da uku, da mata da 'ya'ya biyu, amma ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi mun yi hira ba. In ina da magana da shi, sai in faɗa wa bango da ƙarfi lokacin da yake wucewa. Shekara goma na yi ina faɗa wa bango cewa kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, kuma ranar da na kama wannan jitar zan hura wutar shayi da ita.

To sai gonarmu ta wajen Kurya Madaro ta gagari zuwa, damina biyu a jere, kun san halin 'yan bindigar daji. Wancan ya zauna ba aiki, sai jitar lantarkin da ya samo wajen wani mutumin Nijar. Ana nan sai surukinsa, Alhaji Bawa na Zurmi, ya aiko cewa zai aurar da ɗansa, kuma yana son a yi ɗan kiɗa da rana bayan ɗaurin aure. Wannan ne karo na farko da wani ya gayyace shi a matsayin makaɗi. In ya yi kyau, wasu za su kira shi, gidansa ya samu abin sawa a tukunya. In ya ɓaci, a gaban surukai ya ɓaci. Matsalar ɗaya ce: jitar lantarki ba ta magana sai da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata murya, shi kuma ba ya da ita.

Na kwana uku ina juyi. Na zauna, na tashi, na je masallaci na goge lasifikar da ba ta yi ƙura ba. Rana ta huɗu na sayar da tunkiyata, na faɗa wa bango cewa akwai wani mutum da zai sayo wa wani mutum akwatin kiɗa, ba don yana son kiɗa ba.

Da yamma matata Kulu ta kawo mini amsa (ita ma ba ta kiran sunansa, don haka saƙon ya biyo ta bakin matarsa kafin ya iso gare ta). Ta ce, "An ce a hwaɗa maka, ƙarama ta isa, amma ta jita. Kuma an ce in da hali a tahi da jitar a gwada."

Na ce, "Ni za a koya wa lasifika?"

Ta ce, "Ni dai saƙo na kawo, Malam."

Ku duba fa. Tafiya da jitar na nufin tafiya da mai jitar, mota ɗaya, kujera ɗaya, ni da ɗan fari, muna gogar kafaɗa har Shinkafi. Ko kuma ni in rungumi jita in ratsa tasha da ita, mai kula da lasifikar masallaci guda. Duka biyun ba mai yiwuwa. Ranar kasuwa na shiga mota ni kaɗai.

Yanzu cin kasuwar Shinkafi da gaggawa ake yi, kowa na son ya kama hanya tun rana na sama. Direbanmu ya ce ana sallame azahar zai tashi, ko da ni ko ba ni. Haka na shiga layin masu kayan lantarki ina duba rana kamar wanda ya bar madara a wuta.

Mai shagon da na shiga wani dogon mutum ne mai sanyin magana. Na ce masa amfilifaya nake so ta jita, kuma kuɗin tunkiya ɗaya ne a aljihuna, kada ya wahalar da kansa. Don Allah mutumin nan ya yi mini gaskiya. Ya ɗauko wata 'yar baƙar aba ta hannu, ba ta fi kwanon tuwo girma ba, gefenta ya ɗan goge.

Ya ce, "Baba, wagga ita ce ta jita. Tsohuwa ce amma muryarta na da kyau, kuma kuɗinka sun kai."

Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba nauyi. Ni kuwa a saninmu, ko rago ko lasifika, nauyi ake fara dubawa. Na leƙa bayanta na ga an rubuta ƙarfinta, wat goma sha biyar. Sai idona ya faɗa kan wani akwati a lungu, ya kai mini gwiwa, da tayoyi, da hannun ja, da fitilu masu canza launi, an rubuta wat dubu biyar a goshinsa da manyan lambobi. (Nan ne ajin huɗun nan ya cuce ni. Da ban iya karanta lamba ba, da na tsira.)

Na ce, "Wancan hwa?"

Ya ce, "Wancan na masu talla ne, Baba. Masu maganin gargajiya ka sayensa. Ba a yi shi don jita ba."

"Yana da ramin sa waya?"

"Yana da shi."

"To jita ta san ramin da aka yi don ita?"

Ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauka na kayar da shi da hujja. Ya ƙara da cewa akwai batir a cikinsa, ko an ɗauke wuta ba ya mutuwa, na ce ka ji kaya. Kuɗinsu kusan ɗaya da ƙaramar. A raina na ce wane mahaukaci zai bar dubu biyar ya ɗauki goma sha biyar.

Daidai nan aka kira salla. Ya jona makirfo, ya rage ƙara, ya danna wani jan maɓalli, ya ce in gwada kafin ya yi alwala ya dawo. Ban tambaye shi aikin jan maɓallin ba. Masani ba ya tambaya a gaban mai shago, farashi ke tashi.

Na rage ni kaɗai a shago da makirfo a hannu. Na yi ɗan tari. Na ce "gwaji, gwaji". Sai na ji muryata ta fito da wani irin amo mai daɗi, kamar ina magana a cikin rijiya. Shekara ashirin ina riƙe makirfo ban taɓa faɗin abin da ya wuce kalmomin nan biyu ba. Na leƙa waje, ba kowa. Shaiɗan ya ce mini, ai kayan kiɗa da waƙa ake gwada shi. Sai na tuno wata 'yar waƙa da na ƙaga ina saurayi, lokacin da nake neman Kulu a garinsu Ɗan Isa, na rera ta a hankali. Na rufe da wata magana da na yi wa kaina. Mai shago ya dawo, na biya, na ja akwatina da gudu zuwa tasha, ko sallar sai a Kaura na yi ta.

Da na kai gida na ajiye shi a zaure na rufe da buhu, na faɗa wa bango cewa kada kowa ya taɓa shi sai ranar biki, kada batir ya ƙare. Wancan ya tsaya ya daɗe yana kallon buhun. Ya wuce abinsa, don ba a yi masa tarbiyyar musu da uba ba.

Ranar biki a Zurmi, an ɗaura aure, an ci shinkafa. Maza na ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mata na ciki, Kulu na cikinsu. An ba ni wuri a tabarmar manya, kusa da Alhaji Bawa da limamin unguwarsu. Wancan ya jona akwati da janareto, ya sa wayar jita, ya taɓa tsirkiya.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kun san kukan ƙudan zuma in ya shiga gwangwani? To ku haɗa da akuya mai mura. Ya sake taɓawa, akwatin ya yi wata ƙara da ta sa jariri kuka a cikin gida. Na ga gumi na bin wuyansa. Alhaji Bawa ya dube ni ya ce, "Malam, ko kayan ba su jin daɗin hanya?"

Da na zauna. Wallahi da na zauna, da wancan ya rage ƙara ya lallaɓa abinsa. Amma ƙafafuna suka ƙi. Na miƙe na gyara babbar riga, na ce wa dattawa, "Ƙaramin abu ne, aikina ne." Na je na murɗa wannan, na murɗa wancan, na kai ƙara ƙarshe, sannan na danna wani koren maɓalli da ke kusa da jan.

Sai tari ya fito. Tarina. Sannan "gwaji, gwaji". Sannan, da ƙarfin da ya kai har bakin kasuwar Zurmi:

"Kulu mai wushirya, Kulu ta Ɗan Isa,
Na bar shuka na biyo ki rijiya,
Ko ba ki ban ruwa ba, ni na ƙoshi."

Daga nan sai muryata ta ce, cikin jin daɗi, "Kai, tsoho, ashe da sauranka."

Ashe abin da masu talla ke so ke nan a jikinsa: ka yi magana sau ɗaya, ya riƙe, ya yi ta maimaitawa har kasuwa ta watse. Ya koma kan tari ya sake farawa. Na fizge wayar janareto. Batir ya karɓa, kamar yadda aka yi mini alkawari. Na danna duk abin da ke dannuwa, fitilu suka fara rawa. Na tuɓe babbar riga na lulluɓe shi, Kulu mai wushirya ta ci gaba da fitowa ta ƙarƙashi. Daga cikin gida wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Liman ya sunkuyar da kai yana ja wa carbi laifin da ba nasa ba, kafaɗunsa na rawa. Alhaji Bawa ya ce, "Malam, muryar nan kamar na san ta."

A zagaye na huɗu na ji wani sauti a bayana. Wancan ne. Ya cire wayar jitar daga akwatin, ya matso da ita kusa da makirfon mai sanarwar biki, yana bin waƙar da tsirkiya a hankali. Sautin siriri ne, amma ya hau kan muryata daidai, har tarin ya samar wa wuri. Samari suka fara tafi. Ya bar ta ta zagaya sau biyu, sannan ya miƙa hannu bayan akwatin ya kashe shi da wani ɗan maɓalli da ban san da shi ba, ya ci gaba da kiɗinsa da makirfon aro har la'asar.

A mota Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska tun daga Zurmi har Kaura. Da muka sauka ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara arba'in, sai a gidan surukai ka tuna da ita."

Wancan ya samu gayyata biyu daga bikin nan, ɗaya a Shinkafi, ɗaya a nan Kaura, kuma duka biyun sun ce a zo da waƙar tsoho. Ya mayar da akwatin, dogon mutumin ya musanya masa da 'yar baƙar nan mai kamar kwanon tuwo, wadda yanzu in ya kaɗa ta ina ji daga ɗakina, kuma (kada ku faɗa wa kowa) muryarta na da kyau. Waƙar kuwa ba ta bi akwatin ba, ta riga ta shiga wayoyin mutane. Ko jiya da na hura makirfo a masallaci na ce "gwaji, gwaji", na ji wani a sahun baya ya yi tari da gangan.

Abin da na koya, na ba ku kyauta: in za ku sayi amfilifaya da kuɗin tunkiya ɗaya, ku ɗauki ƙaramar da aka yi don jita, ku tafi da jitar, ku tafi da mai jitar ko da ɗan fari ne, kunyar mota ba ta wuce awa ɗaya. In kuma mai shago ya bar ku da makirfo ya tafi alwala, ku bi shi ku yi taku.