Tulun Dakta Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da bikin autata Hassi ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni in manta inda na aje carbina. Shekarar ke nan da anka raba mu da Sakkwato anka ba mu jiharmu, ma'aikata suna ta ɗaure kaya zuwa Birnin Kebbi. Ni kuwa a Jega an san ni: mace ce da ba a koya ma aikin gida. Kwanon da na wanke kana iya duba fuskarka a ciki. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe ni.

Maƙwabcinmu wani likitan dabbobi ne, Dakta Yohanna, Kirista, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Da anka kira shi Birnin Kebbi na kwana huɗu, sai ya sungumo wani tulun ƙarfe mai siririn wuya ya kawo min ajiya. Na tambaye shi mi ke ciki. Ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya, ya ce kayan aiki ne kawai, Inna, kada a buɗe, kada a kwantar, sanyi yake riƙewa. (Maigida ya san komai, amma wai maganar maza ce, ba a faɗa wa mace mai jikoki.)

Ga abin da ban sani ba. Yayana Garba na Gumbin Kure maharbi ne, yana da wani kare, Ɗan Duhu, wanda ko a Maiyama in ana hirar farauta sai an ambace shi. Da karen ya tsufa, Dakta ya ce akwai dabarar da ake ɗibar irin namiji a daskarar, a aje har ranar da anka samu karya tagari. Yaya ya yarda, anka ɗiba. Bayan wata biyu gadu ya farke cikin Ɗan Duhu. Abin da ya rage nasa duk duniya yana cikin tulun nan, ga karya can Andarai ana jiran lokacinta.

To, dangin ango mutanen Aliero ne, masu albasa, kuma gwaggon ango, Hajiya Ige, ba ta buɗe baki ba tare da ta ambaci firjinta ba. Na ce a raina, wagga mata sai ta sha sanyi a gidana. Ai Dakta da bakinsa ya ce tulun sanyi yake riƙewa, kuma aro tsakanin maƙwabta ba sata ba ne.

Na buɗe. Hayaƙi fari ya taso, na yi bisimilla uku. Na taɓa bakin tulun, sanyi ya ƙone min yatsa kamar garwashi. Na ce lalle wanga abu ya daɗe bai ga wanki ba, gwauro ai sai haƙuri. Na tuttule shi a wuriya, ƙasa ta ɗauki tafasa ba wuta. Wasu tsinkayen roba sunka zubo, na share su na haɗa da shara. Da ya huce na dirje shi da toka da soso har yana walƙiya, na cika shi da zoɓo da ƙanƙarar kasuwa.

Zoɓo ya yi suna. Hajiya Ige ta sha kofi uku, ta tambayi inda ake samun irin wanga tulu. Na gyara zama na ce kayan likitoci ne, ba kowane gida ake kai shi ba. Da zoɓon ya ƙare na ɗauraye, na dama fura mai kauri na zuba, don a garinmu ba a maida kwanon maƙwabci wayam.

Bayan la'asar sai ga Dakta ya dawo kwana ɗaya kafin lokaci, ya tarar da Yaya Garba a zaure, sunka yi sallama tare sunka shigo. Ni kuma na ɗauko tulu a gaban mata, ina taƙama, na ce ga kayanka, na wanke ma shi, ga fura kuma. Dakta ya ɗaga murfi. Ƙamshin citta ya bugi hancinsa. Sai ya zauna a kan turmi.

Ya tambayi ina abin da ya bari a ciki. Na ce dattin? Na zubar. Ya dubi Yaya, ya dubi matan Aliero, ya fara kewaye-kewaye, wai iri, wai abin haihuwa. Yaya ne ya yanke masa wahala.

"Maniyyin karena ne, ƙanwata."

Hajiya Ige ta aje kofinta a hankali kamar mai aje ƙwai. Dakta ya yi ta rantsuwa cewa abin a rufe yake cikin tsinkaye, bai taɓa jikin tulun ba, amma wa ke saurare? Anka aika wurin liman. Amsa ta dawo da tambaya ɗaya: sau nawa anka wanke? Ni da nake alfahari da wanki, ranar na ce sau ɗaya kamar mai amsa laifin kisa. Matan Aliero sunka yi layi bakin randa suna kurkurar baki.

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce in nuna masa inda na zubar. Ya tsaya kan wuriyar nan, dattijo mai furfura da babbar rigar biki, ya daɗe yana kallon ruwan wanke-wanke.

"Gadu ya kashe shi sau ɗaya," ya ce. "Ke kin gama aikin."

Bai ƙara riƙe kare ba har ya koma ga Allah. Auren Hassi dai ya yi albarka, 'ya'ya bakwai, amma har yau in na je Aliero anka kawo min abin sha, sai wata ta ce in sha hankali kwance, nasu a randa yake kwana.

Tun daga ranar, duk mai kawo min ajiya, ko wane ne shi, sai ya faɗi abin da ke ciki da sunansa na yanka. In abin kunya ne, gara in ji ta mu biyu a ɗaki, da in raba ta kofi-kofi ga surukai.