Kebul Mai Jiran Lenga

Matso kusa, ga benci, ka ji abin da ya faru a shagon Rasmata Ilbudo. Ita ta rubuta manhajar da ke tafiyar da kebul ɗin USB mai haɗa kwamfutar wani asibitin ƙauye da na'urar gwajin jini. Kwana uku ke nan saƙo na bi ta kebul ƙunshi-ƙunshi, wasu su isa, wasu su ɓace. Ƙarfe huɗu motar asibitin za ta zo. In bai daidaita ba, aikinta na farko ya koma hannun wani.

Ana haka sai ga Lasina Toe mai gyaran babur, ɗan ƙabilar Samo, abokan wasan Mosi irin su Rasmata, riƙe da kwanon benga, wake da shinkafa.

"...da aiki, baiwata? Ubangidanki ya shigo ba ki durƙusa ba."

"Yaushe mai cin kare ya zama ubangida? Ajiye min waken, bawa, ka kama gabanka."

"Har yanzu kebul ɗin na yi miki sata? Ai duk abin da ya bi ta hannun Mosi sai ya ragu."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ina madubin babur ɗina?"

"Haraji ne."

"Kebul uku na canza, Lasina. Na canza ramin da ake soka shi, na canza kwamfuta. A cikin dubu sai bakwai sun ɓace."

Ya ja kujera yana cin waken da ya kawo mata, yana leƙen allon.

"Jajayen nan su ne ɓatattun? Duk lambarsu ɗaya, 512."

"Girmansu ke nan. Daidai cikin mudun kebul, cif."

"Cif! Halin naku ne, ku auna cif, ba lenga. Ni in mai benga ta cika min kwano ba na janye hannu sai ta ɗora ɗan cokalin nan na ƙari. Shi ke gaya min an gama."

Rasmata ta juya ga allon. Ashe na'urar ma haka take: sai ta ga guntun ƙarshe take sanin saƙo ya ƙare. In ya zo cike cif, sai ta yi ta jiran saura, har ta cakuɗa shi da na baya ta zubar.

Layi biyu ta rubuta: duk ƙunshin da ya cika, a ɗora masa ƙwaya ɗaya. Ta tura dubu, dubu suka isa. Ta tura dubu goma. Ƙarfe uku da rabi, ko ja ɗaya babu.

"Faɗi in ji," in ji Lasina.

Dariya ta ƙwace mata. "Ubangida. Na yau kaɗai, zuwa magariba."

Ta leƙa waje ta sayo masa zom-kom, ruwan gero mai sanyi, ta cika masa kofi har baki. Bai janye hannu ba.

To kai da ke kan bencin nan, ka ce ta ƙara masa, ko waken da ya cinye ya isa lenga?