Miyar Inna a Kan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da hunturuna na farko a Landan ba, zamanin da kuɗin fetur ya sa gwamnati ke turo mu karatu kamar ana rabon goro. Ina haya a ɗakin sama na gidan wata tsohuwar Baturiya kusa da Bloomsbury, kuma babbar dukiyata ita ce ƙullin kuka da daddawa da Inna ta cusa min a akwati ranar tahowata. Ba na dafawa sai kewa ta ci ƙarfina. Wani lokaci ma kwancewa kawai nake in shinshina in mayar.

Ana nan sai Hajara, matar Yaya Sani ɗan unguwarmu ta gida da ke zaune a layin bayanmu, ta haihu. Ba uwa ba ƙanwa a kusa, ba mai dama mata kunun kanwa. Da na je barka ta ce, "Ni fa ƙanena, ba abin da raina ke so sai miyar kuka." Na bugi ƙirji na ce gobe da azahar za ta sha.

Ranar nan rediyo ta wuni tana gargaɗin dusar ƙanƙara mai yawa na tafe. Kowa na sayen shebur da kananzir. Tsohuwar ta miƙo min ɗan buhun gishiri, ta ce idan ƙanƙarar ta sauka in barbaɗa a matakalar ƙofar gida, ita gwiwoyinta ba sa bari. Na ce to. A raina kuwa na ce, gishiri a ƙasa? (A gidanmu ko ƙwaya ka zubar, Inna cewa take da gashin ido za ka tsince ta a lahira.) Na kai buhun kicin na adana abina.

Gari ya waye fari fat, motoci sun nutse har gilashi. Na dubi matakala na yi lissafi irin na ɗan jami'a: ƙanƙara ruwa ce, maganin sanyi kuwa zafi. Na tafasa ruwa na sheƙa mata, ta narke tas. Har tsayawa na yi ina mamakin Turawan da suka ƙera jirgin sama amma wannan dabarar ta gagare su.

Na koma na tuƙa tuwo, na karkaɗe ƙullin Inna kaf a tukunya, tunda mai jego ba a yi mata rowa. Na fito rungume da tukunyar ina taƙama, maƙwabta na ta kwashe ƙanƙarar ƙofofinsu, Yaya Sani na jira a ƙasa da kwanon tuwon. Ashe ruwan da na zuba ya daskare, ya zama gilashi.

"Kai, yi a hankali, wurin nan..."

Bai ƙarasa ba. Ƙafafuna suka yi sama, na sauko matakalar da mazaunai, tukunya ta kife min a ƙirji, saura ya malale kore shar a kan farar ƙanƙara. Tsohuwar ta leƙo ta taga ta tambayi ina gishirin. Na ce kaɗan na cikin miya.

Sun zaci ƙuguna ne ya sa ni hawaye. Wallahi ba shi ba ne. Ina kallon abu na ƙarshe da hannun Inna ya taɓa yana sandarewa a titi.

Haka na bi Yaya Sani ina ɗingishi, da tuwo gaya. Na fara ba Hajara haƙuri, sai ta ce, "Tsaya. Ba ni kwat ɗin nan." Na cire na miƙa. Ta kai hanci wurin da miyar ta jiƙa, ta lumshe ido ta daɗe, sannan ta ce, "Ƙanshin tsakar gidanmu." Jaririya na ta barcinta.

Kwat ɗin dai a can ya kwana, ni na koma gida ina rawar ɗari. Tun daga ranar, duk hunturu da hannuna nake barbaɗa gishiri a ƙofa, ashe shi ke narkar da ƙanƙara. Inna ta yafe min, in ya so na tsince a lahira.