Gidan da Na Saya Babu Ƙofa

Ko tsufa zai kwashe mini tunani, ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi da na saka sabuwar shadda, na ɗauki surukina a bayan moto, na kai shi unguwar Kara-Kara don ya ga irin mijin da Allah ya ba 'yarsa. Ya kuwa gani.

Ni malamin lekol ne, Faransanci nake koyarwa a kolej, na daɗe ina yi har furfura ta fara leƙowa. Duk wanda ya san aikinmu ya san albashin yana kai mutum ashirin ga wata ne ya sauke shi, sauran tafiyar a ƙasa ake yin ta. To idan mun zauna shan shayi a ɗakin malamai, hirar ba ta wuce ta gidan haya. Wane ya sayi gida ya zuba 'yan haya, wane ya ajiye aiki yana zaune a inuwa, ƙarshen wata na zuwa yana gaishe shi. Na yi ta sauraro har abin ya shiga raina. Na tattaro abin da na yi shekaru ina ɓoyewa, na ga bai kai ba. Matata Mariyama kuwa tana da shanu a Gaffati, a hannun mahaifinta, waɗanda take ji da su fiye da yadda take ji da ni. Na yi wata biyu ina lallaɓa ta kafin ta yarda a sayar da su a cika.

Baba, wato surukin nawa, manomin gero da gyaɗa ne, bai taɓa zama a aji ba. Shi ya kai shanun kasuwa, shi ya kawo kuɗin da kansa. Da zai tafi ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lekol a wurinmu, ya ce, "Mushe, kafin ka ba da ko dala, ka je ka gaida mai unguwa, ka gaida maƙwabta." Na durƙusa na ce to, Baba. A raina kuwa na ce gaisuwa ba ta sayen gida, takarda ke saye, takarda kuma ai gonata ce.

Wani dillali mai bakin zuma ya kai ni gidan. Ɗaki biyar, biyu na siminti uku na ƙasa, tsakar gida mai faɗi, ga famfo, ga dogon yaro yana ba da inuwa. Gidan gado ne, 'ya'yan marigayi uku ke son sayarwa su raba. Gidajen maƙwabta sun kewaye shi ta ɓangare uku, zaure kaɗai ke kallon titi. A cikin zauren muka tarar da wata tsohuwa zaune kan tabarma, gabanta tiren ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa, ga wani ɗan ƙaramin ɗaki manne da zauren. Ta bi ni da kallo. Ni kuma na ɗaga mata hannu irin yadda gwamna ke yi daga cikin mota, na wuce.

Na tambayi dillali ko wace ce. Ya ce, "Iya Gaji ce, ta daɗe a nan, ba ta da matsala." (Allah ya sani, na sha juya maganar nan a raina ina neman ƙarya a ciki don in samu wanda zan ɗora wa laifi. Babu.) Ni na yanke wa kaina cewa 'yar haya ce, har na yi murna, na sayi gida da 'yar haya a ciki.

Ranar biya aka kawo takardar ciniki, shafi biyu, rubutun hannu da Faransanci. Na karanta shafin farko, na ga sunana an rubuta shi daidai, na ga sunayen magada, na ga farashi. Har na gyara wa mai rubutun wani harafi. Na juya shafi na biyu, na nemi inda ake sa hannu, na sa. Ni ɗin nan da nake cika takardun yara da jan biro ina rubuta musu su riƙa karanta tambaya har ƙarshe.

Ba a yi mako ba na samu ɗan haya, wani Alhaji Nasiru, Bakano mai sayar da yadi, yana son ɗaki uku, ɗaya na kwana biyu na ajiyar kaya. Na aika wa Baba ya zo ya sa albarka. Gaskiyar magana ba albarkar ce ta dame ni ba, so nake ya gani da idonsa cewa mai unguwa bai ji muryata ba, kuma ga gida na saya. Na biya kasuwa na sayi ƙaton kwaɗo na ƙofar zaure.

Muka haɗu da Alhaji Nasiru a ƙofar gida da hantsi. Baba ya yi sallama, Alhaji Nasiru ya yi sallama, ni na shige gaba ina nuna ɗakuna da ɗan makulli. Da muka dawo zaure sai na ga lokaci ya yi da zan nuna ni mai gida ne. Na tsaya a kan tsohuwar nan, da takalmina, na gyara murya, na fito da wadda nake yi wa 'yan aji idan sun cika surutu.

"Iya, kin dai ji gida ya sake hannu. Daga wata mai kamawa ni za ki riƙa ba hayar ɗakin nan. Sannan wannan sana'a a zaure, gaskiya sai dai a nemi wani wuri, don Alhaji zai riƙa shigo da kaya. Ga kwaɗo ma na sayo, za a riƙa rufewa."

Ta ci gaba da ƙulla ƙuli-ƙulin da ke hannunta har ta gama. Sannan ta ɗago ta dube ni, babu ko alamar fushi.

"Ɗan nan, kwaɗon na wace ƙofa ne?"

Na nuna mata ƙofar zaure.

"To ai wannan tawa ce."

Na yi 'yar dariyar masu ilimi. Ta ce in bar dariya tukuna. Da maigidanta ya rasu, malamai suka zauna rabon gado a gaban mai unguwa, tumuninta na takaba ya faɗo kan zauren nan da ɗan ɗakin da ke jikinsa. Yara sun sayar da nasu, ita ba ta sayar ba, ba ta kuma da niyya. "Duk kartiyen nan, kaf unguwar, babu wanda bai sani ba," in ji ta. "Ko akuyar gidan can ka tambaya za ta gaya maka."

Lokacin mutane sun fara taruwa a bakin ƙofa, don a unguwa irin wannan ba a kiran taro, da kansa yake zuwa. Na ce ni ba na aiki da ka-ce-na-ce, ina da takarda. Na zaro ta daga jaka na ɗaga sama. Da na san abin da zai biyo baya, da na cinye ta a wurin.

Baba ya ce, "Madalla. Mushe, karanta mana, ka juya mana da Hausa, mu da ba mu yi lekol ba."

Na fara da ƙarfi. Shafin farko ya wuce kamar ruwa, ina karantawa ina fassarawa, har da ɗaga yatsa. Na shiga na biyu. A layi na huɗu idona ya riga bakina isa wurin, sai bakin ya tsaya.

"Ka yi shiru," in ji Baba. "Ko biron ne ya ƙare musu?"

Na yi tunanin in tsallake layin. Wallahi na yi. Amma magadan suna raye, mai unguwa yana nan, ga kuma idanu sun fi ashirin a kaina. Da bakina, a gaban surukina, na fassara cewa cinikin bai haɗa da zaure da ɗakin da ke jikinsa ba, domin kason matar marigayi ne. Ƙasa da wannan da yatsa biyu, ga sa hannuna, da ƙatuwar jela irin wadda nake yi masa idan ina jin daɗi.

Sai Alhaji Nasiru ya yi gyaran murya, cikin ladabi irin na 'yan kasuwa ya ce, "To Malam, ni dilolin yadina ta ina za su riƙa shiga? Ta sama?"

Wata mata a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa zufa ta jiƙa sabuwar shadda, kwaɗo yana hannuna, na rasa inda zan sa shi. Kunya ta ishe ni, amma tsoro ya fi ta, don abin da nake gani a idona shi ne shanun Mariyama sun zama ɗaki biyar da babu hanyar shiga, kuma da bakina na kori mai hanyar.

Baba bai ko dube ni ba. Ya cire takalmansa, ya durƙusa gaban Iya Gaji, ya shiga gaisuwa tun daga kwana har gajiya har zafi. Ya tambaye ta asalinta, ta ce garin Dogo. Ashe ya san ƙanenta, sun taɓa haɗa awon gyaɗa. Suka yi hirar damina, suka zagi tsadar taki, ni ina tsaye kamar turken da aka manta da shi. Can ya ce, "Iya, a yi masa haƙuri. Yaro ne, boko ya yi masa yawa." (Yaron nan yana da shekara arba'in da shida da 'ya'ya biyar.) Ya yafito ni da hannu. Na cire takalmi, na durƙusa da shaddata a kan dabe mai maiƙo, na ba da haƙuri.

Ta ce ita tun da take ba ta taɓa hana kowa wucewa ba, ba kuma za ta fara a kaina ba. Sai dai zaurenta ba a shiga babu sallama, kuma duk wanda zai zauna a gidan sai ta gan shi tukuna, don ita ke kwana a bakin ƙofa. Alhaji Nasiru, da yake ya fi ni wayo nesa, nan take ya sayi ƙuli-ƙuli da kwalbar mai. Ta ce wannan ya yi mata.

Na mayar da Baba tasha. Sai da ya sauka daga moto ya gyara hularsa, ya ce, "Kada ka damu, Mushe. Shanun ba su ɓata ba. Ƙofa ce kawai ba su kai ba." Na so ƙasa ta tsage. Da na isa gida na tarar labari ya riga ni, Mariyama ta tare ni da fara'a tana tambaya ko in shigo ta ƙofa ko a kawo mini tsani.

Yau shekara uku ke nan. Gidan a cike yake, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa samun ɗan hayar banza ba, don Iya Gaji tana kallon mutum sau ɗaya ta ce a'a, ni kuma in koma in ce masa an riga shi. 'Yan haya ni suke ba haya, amma ita suke kai wa ƙara, ita suke yi wa sallama idan za su yi tafiya. Duk ƙarshen wata nakan je in cire takalmi, in durƙusa, in nemi izinin shiga gidana.

Saboda haka idan za ka sayi gida ka tarar da tsohuwa zaune a bakin ƙofa, kada ka tambayi dillali ko wace ce. Ka durƙusa ka tambaye ta da kanka tun kuɗinka suna aljihunka. Durƙuson nan dai sai ka yi shi, gara ka yi shi ranar da surukinka yake gona.