Hannun Cindo

Sunan ƙauyen ya ɓace mini. Kwana uku ina nemansa a kaina, in na kamo kansa sai wutsiyar ta kufce. Sunan birnin ma haka. Tsufa ke nan, yana ɗiba ba ya sallama. Abin da ya bar mini shi ne warin albasa, da mutanen gidan da na sauka a zaurensu wata shekara da nake yawon neman karatu.

Gidan Inna Tasalla ne. 'Ya'yanta biyu maza, Sallau da ƙanensa Cindo. Sallau yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa birni, kuma daga bayanta gidan duka yake ci, har matarsa da 'ya'yansa. Motar ta sha duniya, dama da hagu babu inda bai lotsa ba. Shi kuwa Cindo an haife shi da yatsa shida a hannun dama, can ya samo sunan. Ya haura arba'in, ga ƙarfi kamar sa, amma yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta.

Wata rana ana lodi, Sallau ya ce, "Kai Cindo, zo ka sa mana hannu." Cindo ya taso ya ɗora tafinsa a kan buhu, ya tsaya. Mutane na ta nishi da kaya, shi yana tsaye. Can ya ce, "Yaya, na sa. In cire?" Sallau ya ce, "Allah Ya shirye ka! Ɗauka na ce." Ya ce, "Ai ba ka ce ba." Sai ya suri buhu biyu lokaci guda ya jefa a mota. Tun daga ranar Sallau ke tafiya da shi birni, yana zaginsa yana morarsa.

Wata rana suka iso babban shataletalen bakin birni, Sallau ya taka birki. Cindo ya ce, "Me muke jira?" Sallau ya ce, "Ka'ida ce. Wanda ya riga ka shiga shi ke da hannu. Kai da ke waje sai ka tsaya ka ba shi hannu." Bai rufe baki ba Cindo ya buɗe ƙofa ya dira, ya tare wata tankar mai a tsakiyar titi, ya miƙa wa direban hannu yana cewa, "Ina gajiya? Ya iyali?" Hanya huɗu ta cushe, kowa na danna ham yana zagi. Sallau ya janyo shi da wuyan riga ya ce, "Daga yau a baya za ka zauna, kan buhu, kai da albasa." Cindo bai ji haushi ba. Sai dai ya riƙe karatun. Duk sanda suka shiga shataletale, sai ya miƙa hannunsa na dama ga motocin da ke jira a waje, tunda yanzu su ya kamata su ba shi.

Wata rana da hantsi, suna cikin zagayen, wata baƙar mota mai sheƙi ta shigo ba ta tsaya ba, ta daki gefen a-kori-kura. Albasa ta watse a titi. Motar wani babban ɗan kwangila ce, kuma kafin Sallau ya fito direbanta ya riga ya fara ihu cewa shi ke ciki aka yanko masa. Sallau ya dubi fitilun da suka farfashe, ya dubi mai babbar riga a kujerar baya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Abin da talaka ya saba ke nan. Amma nan take direban ya ce, "Kun ji ko? Ya amsa laifinsa!" Cindo ya sauko yana cewa, "Yaya, ai mutumin nan…" Sallau ya juyo ya sauke masa duk abin da ke cikinsa. "Rufe mini baki, wawa! Kai ne masifata. Kada ka kuskura ka sake buɗe bakin nan sai na ce." Cindo ya rufe. Aka ja motocin biyu zuwa ofishin 'yan sanda.

Kwana biyu Cindo bai ci ba, bai sha ba. Inna ta kawo tuwo ya girgiza kai, ta dama fura ya kau da fuska. Ya zauna a gindin bango ya cusa hannunsa cikin riga, gumi na karyo masa. Ta ce, "Firgita ce, za ta wuce." Sallau kuwa ko kallonsa bai yi ba, don an riga an yi masa bayani: in laifin nasa ne, kamfanin inshorar mai baƙar motar zai gyara ta, sannan ya biyo shi kuɗin gyaran. 'Yar takardar inshorar da ke aljihunsa ba za ta rufe ko rabi ba. Sai an sayar da a-kori-kura, kuma in ta tafi tukunyar gidan ta tafi.

Wata rana, wato ta uku da karon, aka tara su gaban sufeto. Ya riga ya zagaya a-kori-kura sau biyu, ya kasa bambance sabon rauni da tsoho. Mutumin inshora ya fito da takarda, an rubuta cewa Sallau ya amsa laifi a gaban jama'a. Sallau ya dangwala yatsa idonsa a ƙasa. Mutumin ya dubi Cindo ya ce, "Kai ma kana motar, ko? To kai ne shaida. Zo ka sa hannu."

Cindo ya zaro hannun daga cikin riga, ya ɗora shi gaba ɗaya a kan takardar. Hannun ya kumbura kamar ƙwarya, ya yi baƙi, yatsa na shida ya tsage yana ruwa, har ya ɓata rubutun.

Sufeto ya ce, "Subhanallahi! Me ya same ka?" Cindo ya dubi yayansa. Sai a sannan Sallau ya tuna abin da ya faɗa. Ya ce, "Buɗe bakinka, Cindo." Cindo ya wangale baki. Ba wanda ya yi dariya. Sallau ya ce, "Yi magana, ɗan'uwa."

Cindo ya ce, "Yallaɓai, Yaya ya ce wanda ya riga shiga shi ake ba hannu. Mun riga shiga. Na miƙa wa wannan nawa, shi bai ba ni ba, sai ya ba ni mota."

Sufeto ya ce, "Ina kake fuskanta?"

"Gaba. Baya jiri take sa ni."

"Ta wane hannu motar ta zo?"

Cindo ya ɗaga shi ya ce, "Ga shi nan."

Sufeto ya zana da'ira a bayan takardar, ya juya ga direban. "In kai ke ciki su suka shigo, hagunsu za ka buga. Yaya aka yi ka karya masa dama?" Direban ya shiga kallon silin. Mutumin inshora ya ninke takardarsa ya mayar jaka. Laifi ya koma inda ya fito, kamfanin ya ɗauki gyaran a-kori-kura da asibitin Cindo.

A asibitin ne likita ya ce da an kawo shi ranar da abin ya faru, da ɗauri kawai za a yi. Sallau da kansa ya faɗa mini wannan, kuma da ya zo nan a labarin sai ya tashi ya ce zai duba akuya.

Ko sufeton dogo ne ko gajere, ko buhu biyu Cindo ya sura ko uku, ba zan rantse ba. Amma bayan wasu shekaru hanya ta sake biyo da ni ta ƙauyen, kuma abu guda na tabbatar da kaina. Cindo ya tare ni a ƙofa ya ba ni hannu, na riƙe na duba. Yatsu biyar ne, kamar na kowa, sai dai ba sa lanƙwasuwa. Da aka kawo tuwo, a akushi ɗaya suka ci da yayansa. Sallau ne ke yanka masa loma, ya tsoma a miya, ya ajiye masa a hannun hagu.