Mu Ɗari da Sittin da Ba a Gani Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ƙidaya na Babban Birni, wanda alƙalaminsa ya fi idonmu gani.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin tsibiri ga babban tebur, mun samu takardarka mai cewa mu mutanen Aonteba tamanin da bakwai ne. Mun gode. Da muna zaton mun kusa ɗari biyu da hamsin, ashe jahilci ne ke damunmu.

Na ɗaya: jami'inka ya sauka ranar da yawancin gari suka haye tsibirin gabas busar da kwakwa, kamar yadda ake yi duk shekara tun kaka da kakanni. Laifinmu ne da ba mu roƙi kwakwa ta jira shi ba.

Na biyu: mun zaunar da shi a zauren taro, mun ɗora masa furanni a ka, mun cika masa gaba da kifi. Daga zaune ya ƙirga mu, hannu duk maiƙo, bayan awa uku ya koma jirgin ruwansa kafin teku ya janye. Da ya faɗi adadin, dattawa suka gyaɗa kai, domin a wurinmu ba a ƙaryata baƙo a zaure. Shin a birni ba a tambaya sau biyu ne? Ko gidajen da ya gani a rufe na aladu ne?

Na uku: ya rubuta ba mu da sana'a, don bai ga kasuwa ba. Gaskiyarsa, kifinmu raba shi muke yi gida-gida. A gafarce mu.

Na huɗu, kuma nan gizo ke saƙa: dokarku ta ce tsibirin da bai kai mutum ɗari ba, ba ya buƙatar nas. Saboda haka jirgin wata mai zuwa zai tafi da nas ɗinmu Nei Tebora, wadda hannunta ya karɓi haihuwar duk yaron da ke garin nan. 'Yata Rutiana tana da cikin wata bakwai, haihuwarta ta fari ta zo da gardama, asibiti kuwa kwana biyu ne a kan teku. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Rutiana tana cikin waɗanda ba a ƙirga ba. Don haka ina roƙon alfarma, a aiko mana a rubuce, da hatimi, cewa babu ita, in samu abin karanta mata idan naƙuda ta tashi.

Naka mai biyayya, kai a ƙasa har ruwa ya rufe shi,
Tekaai Bwenawa,
Aonteba.